Na je Detroit neman masana'anta, sai na tarar da gareji

Yayana ne ya kawo maganar muna cin abincin dare a gidansa da ke Hamtramck, wani ɗan gari a cikin Detroit a Amurka, yace tunda gobe Asabar ba aiki, kuma tunda duk gidanmu ni ne na gaji Baba wajen son ƙarfe, akwai inda zai kai ni, wajen da shi kansa shekara da shekaru yana wucewa ta gefensa bai taɓa leƙawa ba. Nace ina kenan, yace inda Henry Ford ya ƙera motarsa Model T ta farko. Toh ni dama aiki ne ya kai ni Shikago, taron kwana huɗu, na ƙara kwana uku don in zo Detroit in yi zumunci, ba ni da wani shiri da ya wuce ci da barci da hira, sai nace mu je mana. Shi Yaya tun muna yara baya son baƙin mai ya taɓa masa riga, in an tashi daga makaranta ni nake zarcewa garejin Baba, Allah ya jiƙansa, in tsuguna ina wanke noti da fetur a cikin rabin galan, shi kuma ya wuce ƙwallo.

A raina na gama zana wajen tun kafin mu fita, na ɗauka zan ga wani ƙaton fili kamar a haɗa Kakuri gaba ɗaya a zagaye da katanga, ga bututun hayaƙi ga get ga masu gadi. Tafiyar ko minti goma sha biyar ba ta kai ba muka shiga wata unguwa da suke kira Milwaukee Junction, sunan ya samo asali ne daga mahaɗar layin dogo da ke wajen, kuma layin dogon ne ma ya jawo kamfanonin mota suka taru a nan farkon ƙarnin da ya wuce. Yanzu kam unguwar shiru, filaye ba kowa sai ciyawa, tsofaffin gine-gine nan da can. Yaya ya faka a gaban wani dogon gini na jan bulo mai hawa uku, lamba 461 a titin Piquette, ya kashe mota. Nace Yaya nan ne? Yace nan ne. Wallahi sai da na sake tambaya.

Faɗin ginin ƙafa 56 ne kacal, wato kaɗan ya ɗara faɗin fili irin namu mai hamsin da ɗari, tsawonsa kuma ƙafa 402, kace an jera irin filayen guda huɗu ne baki da baki aka ɗora bene. Siriri ne dogo kamar taragon jirgi, tagogi reras ta kowane gefe har guda 355, saboda a 1904 da aka gina shi hasken rana shi ne babbar fitilar ma'aikaci.

Muna hawa matakalar katako zuwa hawa na biyu abu biyu suka tare ni. Na farko sanyi, don lokacin ƙarshen Oktoba ne kuma ni da wautata na fito da riga mara nauyi da wani takalmi shafal, ginin kuwa tsoho ne iska na shiga ta ko'ina, har muka gama yatsun ƙafata ba su san inda suke ba. Na biyu kuma wari, ko in ce ƙamshi don ni a wajena ƙamshi ne, na tsohon baƙin mai da giris da taya da ƙura wanda ya jiƙa katako shekara ɗari da wani abu. Na tsaya cak. Yaya yace lafiya? Nace baka ji ba? Yace me? Nace garejin Baba mana. Ya shaƙa ya shaƙa yace shi dai warin tsohon gini yake ji, nace ai dama, ina ka zauna balle ka sani.

Wanda ya zagaya da mu wani dattijo ne Bature mai farin gashi, yace ya yi ritaya daga aikin kamfanin mota, yanzu sa kai yake yi a nan ba biyansa ake ba, kuma da ka ji yadda yake magana ka san ba haddace abun ya yi ba, so ne. Abu na farko da ya ce mu kalla ba mota bane, ƙasa ce. Daɓen katako ne, ya sha taku har ya yi santsi ya lotsa a wasu wuraren, ga tabon mai baƙi-baƙi ya shige cikin itacen, yace wannan daɓen shi Henry Ford ya taka da ƙafarsa. Ginshiƙan ma na katako ne manya, fentin jikinsu duk ya ɓaɓɓare, kuma da gangan aka bar shi haka ba a sake shafawa ba. Wannan ya burge ni sosai, don mu da an ce za a gyara wajen tarihi abu na farko tayil da sabon fenti, kafin ka ankara an goge tarihin an bar maka ofis.

Shi Ford ɗin ba da ƙafar dama ya fara ba. Kamfaninsa na farko na 1899 ya rushe, na biyu na 1901 ya samu saɓani da masu kuɗin ya fice, su kuma suka juya shi ya koma Cadillac. Sai a karo na uku, 16 ga Yuni 1903, aka kafa kamfanin Ford da tsabar kuɗi dala 28,000, babban mai zuba jarin wani dillalin gawayin kwal ne, Alexander Malcomson, inji da giya kuma 'yan'uwan nan biyu Dodge ke ƙera musu a shagonsu su kawo. Da farko haya suke yi a wani ginin katako a titin Mack, wannan na Piquette shi ne gini na farko da kamfanin ya gina da kuɗinsa. Dattijon ya nuna mana wasu manyan ƙofofi masu lulluɓin ƙarfe da ke tafiya a kan dogo suna raba kowane hawa gida huɗu, yace a 1901 gobara ta cinye masana'antar motoci ta Olds a nan Detroit ƙurmus, shi ya sa da aka zo gina wannan aka sa bangon tare wuta da waɗannan ƙofofin da tankin ruwa mai galan 25,000 a sama da bututun yayyafi a rufi. Gini na katako cike da fetur da fenti, ai dole mutum ya kwana da ido ɗaya.

Motocin a jere suke gefe da gefe, sun haura sittin, kuma a nan na gane ashe T ɗin harafi ne kawai aka bi aka iso kansa. A wannan ginin an haɗa B da C da F da K da N da R da S kafin ita. Model K wata zabgegiya ce mai silinda shida, dala 2,500, motar masu hannu da shuni, ita Malcomson yake so a riƙa yi don a ganinsa a nan riba take, shi kuma Ford ya kafe sai dai ƙarama mai araha wadda manomi zai iya saya, rigimar ba ta ƙare ba sai da Malcomson ya sayar da kasonsa ya fita a 1906. A shekarar ce aka fito da Model N a kan dala 500, ta yi kasuwa har Ford ya zama kan gaba a Amurka wajen yawan motoci.

Inda na fi daɗewa shi ne wajen da suka nuna yadda ake haɗa mota a lokacin. Babu wani bel mai tafiya, babu komai mai motsi. Ƙashin motar ake ɗorawa a kan dokin katako irin na kafinta, ta zauna a waje ɗaya, yara su yi ta jigilar kaya suna kawowa, makanikai su kewaye ta wannan na ɗaura gatari wancan na zaunar da inji, in an gama a sa mata taya a tura ta lif a sauke ƙasa a gwada ta a tsakar gida. Na kalli Yaya nace to wannan da garejin Baba meye bambancinsu banda su sabuwa suke haɗawa mu tsohuwa muke tayarwa? Sifanun da ke cikin akwatin gilas ma na san rabinsu, ga bais ga fayil ga guduma, har da wani jak da na rantse mun taɓa samun irinsa a Panteka.

Da na faɗa wa dattijon haka dariya ya yi, yace ka yi gaskiya amma akwai abu ɗaya, sai ya ɗaga fayil ɗin da ke kan teburi yace yaƙin da aka yi a ginin nan da wannan aka yi shi. Kafin lokacin, in aka kawo wa makanike fistin ko wani ƙarfe ba ya shiga daidai, sai ya zauna ya goge ya gwada ya sake gogewa, don haka kowace mota ita kaɗai ce irinta, kayan wannan ba zai shiga waccan ba. A 1906 Ford ya ɗauko wani gwanin injina, Walter Flanders, shi ya jera injinan yanka ƙarfe bi da bi yadda aikin ke tafiya, aka dage sai kowane ƙarfe ya fito da awo ɗaya yadda za ka ɗebo kowanne daga cikin kwando ka ɗaura ya zauna ba gugar fayil. Da wannan suka kai ga haɗa mota 101 a rana ɗaya a 1908, a wannan ɗan siririn ginin. Ni kuwa abun da ya faɗo min Baba ne zaune a kan benci da fayil a hannu yana cin gefen wani ƙarfen Fijo 504 da aka sayo bai zauna ba, ko ya yanko gwangwanin madara ya cusa don ya cike gurbi, kuma mu a wajenmu wannan shi ne ƙwarewa, shi ya sa ake ce masa oga. Ashe su nan abun da suka sa a gaba su kashe kenan.

A hawa na uku can ƙurya akwai wani ɗan ɗaki da aka keɓe da katako, an sake gina shi yadda yake a da. A 1907 Ford ya sa Charles Sorensen, wani ɗan asalin Denmak, ya killace wajen aka sa ƙofa da kwaɗo, mutum ƙalilan ke shiga. A ciki akwai allo na bango da teburin zane da 'yan injina da wata kujera mai lilo, yace Ford a kan kujerar mahaifiyarsa mai lilo yake zama awa da awanni yana kallon allo, Joseph Galamb ɗan ƙasar Hangari yana zana masa da alli, a goge a sake, ga Harold Wills da ke fama da batun wani ƙarfe mai haɗin banadiyam wanda ba shi da nauyi amma ya fi na gama-gari ƙarfi nesa ba kusa ba. Ɗakin gaba ɗaya bai fi wani falon ba. Daga nan aka fito da motar da aka kammala ta farko ranar 27 ga Satumba 1908, aka sa ta kasuwa 1 ga Oktoba a kan dala 850.

Kuma ja ce wadda na gani, ja wur, ta 1909, lagiretonta na tagulla yana ƙyalli. Ni duk zatona Model T baƙa ce saboda maganar nan da ake dangantawa da Ford cewa kowane launi kake so za a baka in dai baƙi ne, ashe na farkon akwai ja da kore da ruwan toka, sai daga 1914 zuwa 1925 ne aka koma baƙi zalla. Tayoyinta sirara kamar na babur, kuma sandunan cikin wilin na itace ne. Fitilun gefe na kananzir ne da lagwani da komai, manyan na gaba kuma da kabaid suke aiki irin na masu walda. Ƙasanta a sama yake sosai don lokacin Amurka ma hanyoyinta na karkara taɓo ne da ramuka, nace wannan da za ta yi hanyar ƙauyenmu da damina ba tare da ta ce uffan ba.

Akwai guda ɗaya da aka yarda baƙi su hau, ban jira an ce min sau biyu ba. Ina zama na kalli ƙasa naga feda uku nace alhamdulillahi kuloci, birki, totur, dattijon yace ko ɗaya baka ci ba sai rabi. Ta hagu in ka danne ta ƙasa giya ta ɗaya kenan, in ka sake ta gaba ɗaya giya ta biyu, tsakiya kuma firi, kuma giyar kenan guda biyu ba ƙari. Ta tsakiya ribas ce. Ta dama ita ce birki. Totur kuwa wani ɗan ƙarfe ne a jikin sitiyari da hannu ake ja, ga wani ɗan'uwansa a ɗaya gefen na daidaita wuta. Na yi shekara ashirin ina tuƙi amma da an ce in fitar da ita daga ginin nan da sai na shiga bango. Injin silinda huɗu ne, ƙarfin doki 20, in ta ƙure gudu ta yi kilomita 65 zuwa 70 a awa.

Tayar da ita kuma sai da hannu, akwai wani maƙallin ƙarfe a hancinta da ake murɗawa sak irin na injin niƙa, don sai 1919 aka fara sa mata sitata. Ya kama hannuna ya nuna min yadda ake riƙewa, babban yatsa ba ya zagaye ƙarfen, a gefe ɗaya yake kwanciya da sauran yatsun, kuma sama ake fizga ba ƙasa ake dannawa ba, saboda in ka manta baka rage wuta ba injin zai iya harbowa baya ya karya maka hannu. Nace wannan kam na sani, mai niƙan unguwarmu har ya rasu hannunsa na dama a karkace yake. Tankin mai a ƙarƙashin kujerar direba yake, babu famfon mai, gangarowa kawai yake zuwa kafireto, don haka in mai ya yi ƙasa ga tudu mai tsayi a gaba sai dai ka juya ka hau da ribas. Babu geji, kujera za ka ɗaga ka zira sanda ka ga inda ya jiƙe. Yaya dai sai dariya yake yana ɗauka ta a waya, wai in gyara hula.

Model T kusan 12,000 kawai aka haɗa a Piquette, cikin sama da miliyan 15 da aka yi kafin a daina a 1927. Oda ta yi musu yawa ginin ya yi kaɗan, a Janairun 1910 suka kwashe suka koma sabuwar masana'anta a Highland Park, nan kusa. Sorensen ya ba da labarin cewa tun suna nan, wata Lahadi a 1908, sun ɗaura wa ƙashin mota igiya a hawa na uku suna ja ana ɗaura mata kaya tana tafiya don su gwada, amma layin haɗa mota mai tafiya na gaske sai 1913 aka kafa shi a can Highland Park, kuma wai daga mayankar Shikago aka ɗauko dabarar, inda ake rataye sa yana tafiya kowane mahauci na yankar nasa kason, su kuma suka juya abun, maimakon a rage sai a ƙara. Aikin da ke cin awa 12 da rabi ya dawo minti 93. Farashi ya yi ta sauka har ƙaramar ta kai dala 260 a 1925.

A nan ne jikina ya ɗan yi sanyi, ba na iska ba. Mutumin da a Piquette ya san mota daga hanci har wutsiya, a Highland Park an tsayar da shi waje ɗaya yana ɗaure noti iri ɗaya daga safe har yamma, ba zama ba hira. Mutane suka riƙa gudu, a 1913 sai da kamfanin ya ɗauki mutum sama da 50,000 don kawai ya riƙe ma'aikata kusan 14,000. Shi ya sa a Janairun 1914 aka sanar da dala 5 a rana, ninki biyu da ɗoriya na dala 2.34 da ake biya, aka rage awa daga tara zuwa takwas, amma da sharaɗi, akwai ma'aikatan kamfani da ke bi gida-gida su ga ko kana shan giya, ko gidanka da tsabta, ko kana tara kuɗi, kafin a baka cikakken kuɗin. Dattijon bai ɓoye ba kuma, da kansa ya kawo maganar jaridar da Ford ya mallaka a shekarun 1920 wadda ta yi ta yaɗa ƙiyayyar Yahudawa, da yadda ya yaƙi ƙungiyar ƙwadago har sai 1941. Ni dai da za a ce in zaɓa, a Piquette zan yi aiki ko da kuɗin bai kai ba, amma Yaya yace ƙarya nake, wai in ga dala biyar a 1914 in ce bana so, kuma inaga ya fi ni gaskiya.

Ginin kansa sa'a ce ta tsare shi. Kamfanin mota na Studebaker suka saya a 1911 suka yi mota a ciki har 1933, bayan su kamfanin 3M ya zauna, sannan wani kamfanin tufafin aiki na ma'aikata, duk ba wanda ya damu ya rushe ko ya sabunta, sai a 2000 wata ƙungiyar masu son tarihin motar ta saye shi, aka buɗe wa jama'a a 2001. Tsohuwar masana'antar Studebaker da ke maƙwabtaka da shi gobara ta cinye ta a 2005.

Da muka fito nace Yaya mu bi ta Highland Park ko daga waje ne in gani. Muka miƙe titin Woodward, 'yan mintuna muka iso, ga ragowar ginin nan ƙato tagogi a toshe, gefensa kantuna da wajen fakin, ba a shiga. A nan Yaya yake gaya min a unguwar nan aka gina ɗaya daga cikin masallatan farko a Amurka a 1921, Larabawan Sham da aikin Ford ya jawo su ne suka yi shi dab da masana'antar, kuma zaren da ya jawo Larabawa suka cika garin Dearborn da ke gefen Detroit kenan har yau. Muka koma Hamtramck muka shiga wani gidan abincin 'yan Yaman, muna cikin cin shinkafa da naman rago sai ga kiran sallar la'asar a lasifika daga waje, yatsun ƙafata kuma a lokacin suka fara dawowa.

Kafin mu tashi na tura bidiyon injin jar motar nan wa babban yaron Baba, wanda garejin ke hannunsa yanzu a Kaduna, mu tun muna yara Oga muke ce masa. Can dare ya yi a gida, ban zaci zai gani ba, sai ga saƙon murya ya shigo, ina jin janareta na ƙara a bayansa. Ko gaisuwa bai gama ba yace kai wannan ai ba komai a cikinta, fulogi huɗu ne ga kafireto can a gefe, in za su kawo min ita kwana biyu ya yi yawa na tashe ta. Sai ya yi shiru kaɗan, yace amma ka koma ka ɗauko min ƙasanta da kyau, ban ga inda giyar take ba.